Ruwan Watan Takwas

Ranar Talata ce a watan goma na shekarar 2012, wajen ƙarfe uku na rana, aka bugo wa Sufeto Boubacar waya daga ƙasan bene. Aka ce ga wasu mata biyu sun kawo ƙara, babbar cikinsu ta ƙi buɗe baki, ta ce sai shi.

Bai yi mamaki ba. Haifaffen Maraɗi ne, yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya kawo shi Faransa, yanzu kuwa furfura ta fara cin gemunsa a aikin ɗan sanda. A takarda laftana ne, don Faransawa sun daɗe da soke muƙamin sufeto. Mutanen unguwar Goutte d'Or ta Paris dai ba su soke ba. Duk Bahaushen da aka yanke wa aljihu tsakanin Barbès da Porte de la Chapelle, in ya shigo kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, sunansa yake kamawa.

Da ya sauko sai ya tarar da Hajiya Raliatou, wadda unguwa duka ke kira Gwaggo. Tsohuwa ce mai jiki, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa-inuwa yake gani. Kusa da ita wata budurwa ce siririya, rana ta ƙona ta, ta damƙe hannayenta a cinya.

"Gwaggo, ku ne da kanku? Ina wuni? Ya ƙafa?"

"Ƙafa da sauƙi, ɗana. Yau abin kunya ne ya fito da ni. An yi wa 'yar ƙanena sata a cikin ɗakina."

Ya ja kujera ya zauna, ya fiddo alƙalami. Budurwar sunanta Zouera, tana karatun digirin dakta a Lyon. Ranar Lahadi ta zo Paris saboda wani taron masana, ta sauka wurin Gwaggo. Yau ta fita tun takwas na safe, ta dawo ƙarfe ɗaya ta tarar an buɗe jakarta.

"Me aka ɗauka?"

"Kaye shida, Tonton," in ji Zouera, wato kawu da Faransanci.

"Kaye? Littafin rubutu irin na 'yan lakwal, 'yan makaranta?"

"Irinsa."

"Kwamfuta fa? Paspo? 'Yan kunne?"

"Duk suna nan. Ba a taɓa ba."

Sufeto ya aje alƙalamin. Ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki littafin rubutu, ya san abin da ya zo nema.

"To, faɗa mini abin da ke ciki."

Sai yarinyar nan da ta shigo kamar ba ta iya magana ba ta buɗe baki. Shekara uku ta yi a gandun dajin Mouyala, can bakin tekun Atlantika, kudu da layin da ya raba duniya biyu. Wuri ne, in ji ta, da kurmi ke saukowa har ya taɓa rairayin teku. Tsakanin kurmin da tekun akwai wani dogon tafki, ruwansa rabi gishiri rabi daɗi, gefensa itatuwa ne da ke tsaye cikin ruwa a kan saiwoyinsu kamar mutanen da suka tattare wando. Giwaye na fitowa su yi yawo a bakin teku. Ɓauna na kwanciya a rairayi. Kunkurun teku da ya kai faɗin tabarma yakan fito ya haƙa rami ya binne ƙwai. Dorina kuwa har cikin igiyar ruwa take shiga ta yi wanka.

"Dorina a teku," in ji Gwaggo. "Kullum sai ta faɗa, kullum sai na ce Allah Ya shirye ta."

"Amma ni aku na je bi," Zouera ta ce. "Mai ruwan tokan nan da jar wutsiya, wanda ake sa wa a keji don ya yi magana. Cikin kayen nan na rubuta wurin kowace itaciya da suke sheƙa a kogonta, ɗari biyu da goma sha huɗu. Akwai kuma wani fili a tsakiyar kurmi da suke sauka kowace safiya su ci ƙasa mai gishiri. Dubbai, Tonton. Sama takan yi duhu."

"In masu tarko suka samu fa?"

"Sanda da danƙo kawai za su kai. Mako biyu sun share wurin. Rabin tsuntsayen a cikin akwati za su mutu tun ba su ga jirgi ba. Tsoffin maharban ƙauyen ne suka nuna mini, sai da na shekara a cikinsu kafin su yarda. Na yi musu alkawari ba zan sa wuraren a kwamfuta ba, ba zan ba kowa ba. Ko farfesana bai gani ba."

"Ke nan babu kwafi."

"Babu. Yau ne kawai na rabu da su, don a ƙofar taron ana karɓe jaka."

Ya juya wajen tsohuwa. "Gwaggo, wa ya shigo gidan yau?"

"Babu kowa," ta ce da sauri, tana gyara mayafi.

Sufeto ya dube ta. Ya tashi ya ɗauki kwat ɗinsa.

Ɗakin Gwaggo a hawa na huɗu yake, tsohon gini, sai matakala. Ƙofa lafiya lau, ba a taɓa kwaɗon ba. Taga a rufe. A ƙuryar da aka sauki Zouera jakarta na bisa gado a buɗe. An fitar da kayan sawa, an ninke su tsaf, an jera a gefe.

"Ke kika ninke?"

"A'a. Ni cusa su na yi."

Ya jinjina kai. Ya ga ɓarayi iri-iri a aikin nan, amma mai ninke kaya bai cika haɗuwa da shi ba.

Zouera ta sunkuya ta ɗauko wani ɗan jan gashin tsuntsu a ƙasa. "Na wutsiyar aku ne. A gindin itatuwan nake tsinta, da su nake sa alama a shafi. Kowane kaye cike yake da su."

Ya karɓa ya sa a walat ɗinsa, ya leƙa kicin. A bisa firji akwai wani farin kwali, an ɗaure shi da koren ƙyalle. Kusurwa ɗaya ta lotse, an kuma kankare takardar da ke ɗauke da sunan kantin. Ya buɗe. Rabin gato ne a ciki, wato kek, ja-ja-jur kamar an zuba masa jan baki.

Sufeto ya san gaton nan. Ya taɓa yin wata shida na horo a Lyon, kuma can ne kowane mai gasa burodi ke jera shi a taga. A Goutte d'Or kuwa, ka yi yawo har takalminka ya tsinke ba za ka same shi ba.

"Ke kika kawo wa Gwaggo wannan?"

"A'a, ni man ƙafa na kawo mata da dabino."

"'Yata, sauka ki sayo mini ruwan kwalba," in ji Sufeto. "Je ki. Kada ki yi sauri."

Sai da ƙarar takalminta ta ɓace a matakala, sannan ya zauna a ƙasa kusa da kujerar tsohuwa.

"Gwaggo, mu biyu ne yanzu. Wa ya kawo muku tsaraba daga Lyon?"

Sai hawaye suka zubo mata. "Da wane ido zan dubi yarinyar nan? Ni na buɗe masa, ɗana. Ni na shimfiɗa masa darduma."

Wajen goma na safe, in ji ta, aka yi sallama da Hausa tsantsa. Mutumin ya ce sunansa Malam Yakubu, ma'aikacin gandun dajin ne, shi ma taron ya kawo shi, maharban ƙauye suka ce lalle ya biya ya gaishe da gidan su Zouera. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya miƙo kwali.

"Wanda ya durƙusa maka, ya miƙo tsaraba, sai ka ce ya nuna kati? Ga shi babu komai a gidan sai ruwan famfo. Na ce ya zauna, na sauka in sayo masa lemo. Ka san ƙafata da matakalar nan, sai da na yi rabin awa. Na dawo na same shi inda na bar shi. Ya sha, muka yi hira, ya tafi."

"Kun ga fuskarsa?"

"Ni da idon nan? Inuwa na gani, ba dogo ba, ba gajere ba. Amma muryarsa, ko a tsakiyar kasuwa na ji ta zan gane."

"Hirar me kuka yi?"

"Ta dajin mana. Na ce wai da gaske dorina na wanka a teku? Ya ce ƙwarai. Ya ce watan takwas ɗin nan da ya wuce yana can, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kwana tara ba a tsaya ba, har masallaci sai a kwalekwale suke zuwa."

"Watan takwas?"

Zouera ce a bakin ƙofa, kwalbar ruwa a hannu. Ashe ba ta iya rashin sauri ba.

"Gwaggo, watan takwas ya ce?"

"Da kunnena na ji."

"To ƙarya yake. Watan takwas rani ne a Mouyala. Daga watan shida har na tara ko ɗigo ba ya sauka. Sama takan yi toka-toka, ga sanyi, ciyawa ta bushe, amma babu ruwa. Sai watan goma damina ke faɗuwa. Komai nasu a juye yake da namu."

Ta aje kwalbar, ta je ta durƙusa ta riƙe hannun tsohuwa. "Ku daina kuka. Da ni ce a gidan, ni ma da na sauka sayen lemon."

Sufeto ya bar su, ya tsaya a taga yana kallon rumfunan titi. Shi kansa da aka ce masa watan takwas, hadari ne ya taso masa a ido, da ƙamshin ƙasar Maraɗi bayan ruwa. Duk wanda aka haifa a ƙasarmu haka ne, ko ya shekara arba'in a Turai. Baƙon Gwaggo bai taɓa taka Mouyala ba. Daminar garinsu ya ɗauka ya kai can. Bahaushe ne, daga Lyon ya taso, ya san da kayen, ya san ƙofar nan, ya kuma san sa'ar da Zouera ba ta gida.

"Wa kike zargi a Lyon?"

Zouera ta ɗago. "Akwai Muhammad Awwal, abokin karatuna. Mun yi faɗa a kan kayen nan. Yana son wuraren don nasa binciken, na hana shi. Wata biyu ba ma magana. Amma shi ya je Mouyala."

"To, mu je mu ji daga bakinsa."

Da safiyar Laraba, takardar izinin mai gabatar da ƙara a aljihu, Sufeto da Zouera suka hau jirgin ƙasa mai gudu. Awa biyu sai ga su a Lyon. Wani ɗan sandan garin, Bafaranshe marar yawan magana, ya tarbe su da mota ya kai su jami'a.

Muhammad Awwal mutumin Zariya ne, dogo, mai tabarau. Suka same shi a wani ɗan ofis da takardu suka kusa binne shi. Da ya ga Zouera sai ya ɗauke kai, da ya ga katin Sufeto sai ya miƙe.

"Jiya da safe kana ina?"

"Ina nan lab, yallaɓai. Tun takwas har yamma."

"Sakatariyarku ta ce ba ta gan ka ba."

"Wataƙila lokacin na fita shan kofi."

"A Paris kake shan kofi?" Sufeto ya nuna wayarsa da ke bisa tebur. A bayan robar wayar an soke tikitin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ba irin na Lyon ba ne.

Awwal ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Yallaɓai, don Allah kada farfesa ya ji. Intabiyu na je. Wata ƙungiya ce ke neman ma'aikaci. Daga tara zuwa sha biyu ina gabansu, mutum huɗu suna yi mini tambayoyi kamar na kashe wani. Ga lambarsu, a kira."

Bafaranshen ya karɓi lambar ya fita. Sufeto ya jingina da kujera kamar wanda ya gama aiki.

"Ni fa dajin nan naku ya fara shiga raina. In na samu hutu a watan takwas, ya wurin yake?"

Fuskar Awwal ta saki. "Agusta? Ai shi ne lokacin aiki. Hanya ta bushe, mota na shiga ko'ina, sai dai ka sa suwaita da safe. Lokacin ne manyan kifayen nan da ake kira balen ke zuwa haihuwa. Kana tsaye a rairayi kana ganinsu suna tsalle, kowanne ya kai bas. Ruwa kuwa sai Oktoba. Yanzu haka ana can ana tafka shi."

Sufeto ya rufe littafinsa. Aikin nan ya koya masa abu ɗaya game da maƙaryata. In mutum zai yi wa ƙaryarsa ado, da abin da ya ɗauka gaskiya ne yake yi mata. Wanda ya ci ƙurar watan takwas a Mouyala ba zai zauna gaban tsohuwa ya ƙirƙiro ambaliya babu dalili ba.

Bafaranshen ya dawo ya ɗaga kai. Maganar intabiyu gaskiya ce.

"Wai me ya faru ne?" Awwal ya tambaya.

"An sace kayena," in ji Zouera.

Ya zauna daɓas. "Duka shida? Inna lillahi. Zouera, ni na yi fushi, amma wallahi..."

"Na sani. Ka yi haƙuri da na kawo sunanka."

"A bar wannan," Sufeto ya katse su. "Wa ya san sa'ar taron da gidan da za ki sauka? Ba wanda kika faɗa wa da baki kawai ba. A ina aka rubuta su?"

"A takardar gayyata. Akwai ranaku da sa'o'i, akwai kuma inda na cike adireshin masauki."

"Wa ya ga takardar?"

"Babu kowa. Daga kwamfuta na kai aka buga mini a..." Sai ta tsaya.

"Shagon Youssouf," in ji Awwal. "Ai kowa can yake firintin."

Youssouf mutumin Tahoua ne, yana da shagon buga takardu da ɗinke littafi a unguwar Guillotière. Duk ɗalibin Nijar ko Najeriya da ya yi dakta a Lyon, ta hannunsa littafinsa ya bi. Zouera ta tuna wata rana da ta je ɗaukar hoton zanen tsuntsu daga kaye ɗaya. Ya miƙo hannu zai karɓa, ta hana, ta tsaya a kan injin da kanta. Ya yi dariya ya ce zinari ne a ciki? Ita kuma gajiya ta sa bakinta ya suɓuce, ta gaya masa abin da ke ciki.

"Amma Tonton, mutumin kirki ne. Shi ke tarbar sababbin ɗalibai a tasha."

"Baƙon Gwaggo ma mutumin kirki ne. Har kaya yake ninkewa."

Bayan azahar suka tsaya da mota nesa kaɗan da shagon. Jikin shagon akwai kantin mai gasa burodi. A tagarsa an jera jan gaton nan, gefe kuma fararen kwalaye ne da koren ƙyalle.

Sufeto ya ce wa Zouera da Bafaranshen su jira. Ya buga wa Gwaggo waya, ya yi mata bayani a taƙaice, ya ce ta saurara kawai, kada ta yi magana sai ya ce. Ya sa wayar a aljihun gaba ba tare da ya kashe ba, ya shiga.

"Salamu alaikum, masu shago."

"Wa alaikumus salam! Maraba, maraba. Baƙo daga ina?"

Mutum ne matsakaici, mai fara'a, yatsunsa baƙi-ƙirin da tawadar inji. Kafin Sufeto ya fiddo tikitin jirginsa ya ce a yi masa kwafi biyu, har an tura masa kujera an zuba masa shayi. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da sanyin Paris.

A bango akwai babban hoto, irin wanda ɗalibai ke bugawa don taro. Giwa ce a bakin teku, kurmi a bayanta.

"Ikon Allah," in ji Sufeto. "Giwa a rairayi? Ina ne nan?"

"Mouyala ke nan. Wata ƙanwarmu ce ke bincike a can, ni na buga mata."

"Ka taɓa zuwa?"

Youssouf ya yi murmushin wanda ya ga duniya. "Mu da muka yi yawo? Ai babu inda ban taka ba a gaɓar nan."

"Madalla. Ni sai watan takwas nake samun hutu. In mutum zai je, me zai riƙa?"

"Lema da takalmin roba, ranka ya daɗe. Watan takwas? Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sai ka yi kwana tara ba a tsaya ba."

Sufeto ya kurɓi shayi. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, rabin mutanen Tahoua haka za su ce. Amma har da kwana taran. Ya zaro wayar daga aljihu, ya buɗe lasifika, ya aza ta bisa kanta.

"Gwaggo, bismillah."

Muryar tsohuwa ta cika shagon, tar kamar tana tsaye a wurin.

"Malam Yakubu! Ka isa gida lafiya? Ya gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, Gwaggo, ya ƙaf..."

Bakinsa ne ya amsa tun kansa bai ba shi izini ba. Ya tsaya da sauran kalmar a harshe. Injin ya tofo kwafi na biyu, ya yi shiru.

"Ƙafa da sauƙi," in ji Gwaggo. "Mun gode da tsaraba."

Sufeto ya aza katinsa kusa da wayar. Ya buɗe walat ya fiddo jan gashin nan, ya riƙe shi a sama. Da ɗaya hannun ya nuna ƙasan teburin yankan takarda, inda wani irinsa yake kwance cikin tarkacen farar takarda.

"Tantabarun Lyon ba su da jar wutsiya, Youssouf. Ina kayen?"

Ya buɗe baki zai yi musu. Sai ƙofa ta buɗe, Zouera ta shigo, Bafaranshen na bayanta. Da ya gan ta sai ya sunkuyar da kai. Ya jawo wani kwalin takarda daga ƙarƙashin kanta, ya ɗauke damin farar takarda biyu da ke sama. Ga su nan, shida, bangonsu ya kumbura da laimar kurmi.

Zouera ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa.

"Ka yi kwafi? Ka aika wa wani?" Sufeto ya tambaya.

"Ban yi ba. Wallahi ban yi ba. Ya ce in ɗauki hoto in tura masa ta waya, na ƙi."

"Wa?"

"Wani mai harkar tsuntsaye ne. Nan yake zuwa buga takardunsa. Da na ba shi labarin kayen, sai ya ce in na samo zai sa ni cikin harkar. Na san in na tura masa hoto ba zan sake ganinsa ba. Na ce sai hannu da hannu. Jibi Juma'a zai zo."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya."

Sufeto ya juya ya maimaita da Faransanci. Bafaranshen ya rubuta, ya ce za a rufe injin da kwamfutar a duba su, ranar Juma'a kuma shi da kansa zai zauna a bayan kantar nan ya jira baƙon. Karo na farko ke nan da aka ga haƙoransa.

"Me ya kai ka, Yaya Youssouf?" in ji Zouera. Ba ta ɗaga murya ba. "Kai ka ɗauko mini akwati daga tasha ranar da na zo garin nan."

"Shekara goma sha biyar ina ɗinke wa mutane littafin dakta," ya ce, idonsa a ƙasa. "Su tafi su zama manya, ni ina nan ina zaro takardar da ta maƙale a inji. Na ce wa kaina ai tsuntsu ne, ba mutum ba."

"Tsoffin da suka nuna mini wurin mutane ne. Ɗayansu ya riƙe hannuna ya ce kakansa ne ya nuna masa, bai taɓa kai baƙo ba sai ni."

Youssouf ya miƙo hannayensa da kansa. Bafaranshen ya sa masa ankwa.

"Tambaya ɗaya ta rage, wannan ba ta takarda ba ce," in ji Sufeto. "Ka canza suna. Ka kankare sunan kanti. Da ka je hannu sake, da har yanzu ina yawo a Barbès ina tambayar 'yan yankan aljihu. Me ya sa ka kai gaton?"

Youssouf ya ɗago ya dube shi kamar wanda aka yi wa tambayar banza.

"Ranka ya daɗe, yaya zan shiga ɗakin tsohuwa hannu rabbana?"

Daga cikin wayar da ke bisa kanta aka ji Gwaggo ta ja dogon numfashi.

"Allah Ya shirye ka, ɗan nan. Wadda ta haife ka ta yi nata aikin. Saura naka."

Aka fita da shi. Maƙwabta sun fito ƙofa suna kallo, ya sunkuyar da kai ya shiga mota, motar ta bi titi ta sha kwana.

Zouera ta durƙusa ta ɗauko jan gashin da ke cikin tarkace, ta hure masa ƙura. Sufeto ya miƙa mata na walat ɗinsa. Ta buɗe kaye na huɗu, ta mayar da kowanne shafinsa, kamar ta san inda suka fito.

"Yaushe za ki koma can?"

"Watan sha biyu, in Allah Ya yarda. Lokacin kunkuru ke fitowa yin ƙwai. Awwal ma zai zo, in bai samu aikinsa ba." Ta rungume kayen a ƙirji. "Tonton, ku zo mana wata shekara. Ku ga dorinar da idonku, ku zo ku gaya wa Gwaggo."

"In na zo, watan takwas zan zo. Kuma ba zan riƙo lema ba."

Ya duba agogo. Saura minti arba'in jirgin Paris ya tashi, kuma dole ya hau hawa huɗun nan ya kai wa tsohuwa takarda ta sa hannu. Ya taka zuwa bakin titi zai tsai da taksi. Sai ya tsaya, ya yi ɗan tsaki, ya juyo ya shiga kantin mai burodi.

"Jan nan guda ɗaya," ya ce wa matar da Faransanci. "Babba. A ɗaure shi da kyau, tafiya zai yi."